Jinjina ga 'Yan Jagoran Baƙi na Badagry

Baƙon da ya zo Legas daga Arewa ya sauka wurin 'yan uwa a Agege, yawanci kasuwa da bakin teku ake kai shi. Da wuya a tuna da Badagry, can kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, alhali daga nan Bature matafiyi Clapperton ya kama hanya a 1825 zuwa Sakkwato, inda ya rasu a 1827.

'Yan jagoran garin ne ke riƙe da wannan tarihi, kuma sun cancanci yabo. A gidan Seriki Williams Abass, wanda aka sayar da shi bawa zuwa Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919, sukan shigar da baƙo ƙuntatattun ɗakunan da ake tsare mutane, su miƙa masa sarƙa ya ji nauyinta. Ba sa rufa wa maigidan asiri, ko da yake a garinsu ya zauna. Daga nan sai su kai baƙo wani bene na 'yan mishan na 1845.

Masu kwalekwale kuwa su ke tsallakar da mutane zuwa tsibirin Gberefu. Sauran tafiyar a ƙafa ce cikin rairayi, a wuce rijiyar da ake cewa bayi na shan ruwanta su manta gida, har bakin teku.

Akwai Hausawa cikin bayin da aka kwashe ta gaɓar Yammacin Afirka zuwa Bahia, har suka ƙulla tawaye a can a 1807. Ya kamata makarantun Islamiyya na Agege su riƙa kai ɗalibai, kuma a sallami ɗan jagora da kyau.