Biri, Jemage da Katafila: Nazarin Fina-finan Annoba

Da korona ta kulle mutane a gida a 2020, wani tsohon fim ya sake yin kasuwa, wato Contagion na Steven Soderbergh da ya fito a 2011. Jama'a sun koma masa don su hango yadda za ta kaya. Hakan ya isa a yi wa irin waɗannan fina-finai duban tsanaki, domin su ne ke koya wa mutane da yawa inda cuta ke fitowa da wanda za a ɗora wa laifi.

Zubinsu kusan ɗaya ne. Cuta ta taso daga wani daji mai nisa, ta hau jirgi ta sauka ƙasar Turawa, sai a nemo jarumin likita. A Outbreak na 1995, biri aka kamo a Zayar aka yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Kalifoniya. Jarumin fim ɗin, Dustin Hoffman, ya yi ta farautarsa, da ya shiga hannu aka haɗa magani, gari ya tsira. Mutanen ƙauyen da cutar ta fara cinyewa kuwa, gawarwakinsu aka nuna, labari ya wuce. Laifin dabba ne da baƙo, magani kuma yana hannun masu kuɗi.

Contagion ya fi su gaskiya, amma ya ɓoye gaskiyar sai a mintunan ƙarshe. Katafilar kamfanin da matar da ta fara mutuwa take yi wa aiki ta ture itatuwa. Jemagu suka watse. Ɗaya ya raɓe a rufin garken aladu, guntun ayaba ya faɗo daga bakinsa, alade ya cinye. Mai dafa abinci ya taɓa naman, ya goge hannu a rigarsa, ya gaisa da matar. Ba ƙagen marubuci ba ne zalla: an gina cutar fim ɗin a kan Nipah, wadda ta ɓulla a Malesiya a 1998, inda ake shuka itatuwan marmari dab da garken aladu. Ta kashe mutum fiye da 100, aka hallaka aladu sama da miliyan ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne, fim ɗin ya san mai laifi, amma babu wanda ya tuhumi kamfanin a cikin labarin. Mai kallo kaɗai aka raɗa wa.

Namu na gida, 93 Days na Steve Gukas (2016), ya yi abin a yaba. Ya karrama Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya sauka daga jirgi ɗauke da Ebola, barin asibiti a Legas a 2014, cutar ta tsaya a mutum 20 a ƙasar, ita kuma ta rasa ranta. Sai dai shi ma daga saukar jirgi ya ɗauko zaren, alhali annobar ta faro ne a ƙauyen Meliandou na Gini, inda masu bincike ke zargin wani yaro ya kwaso ta a kusa da kogon itacen da jemagu ke kwana.

Akwai annobar da wannan zubi ba ya iya ɗauka. Zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, duk rani sai ya dawo, yana kisa a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba. Ɓera ke yaɗa shi. A banka wa daji wuta, ɓeraye su kwararo cikin gari, su yi fitsari a kan hatsin da aka shanya a bakin titi ko wanda ke cikin rumbu. A nan babu baƙon da za a nuna wa yatsa, ashanar a hannunmu take.

Marubutan Kannywood, ga labari a ƙofar gida. Ku fara shi daga ranar da aka cinna wa dajin wuta, ku bi ɓeran har cikin tukunya.