Hukuma, Kamfani da Ƙarar Ɓata Suna a Ingila

A shekarar 1993 alƙalan Majalisar Dattawan Birtaniya, waɗanda su ne kotun ƙoli a lokacin, suka yi watsi da ƙarar da majalisar gundumar Derbyshire ta kai jaridar Sunday Times, wadda ta tuhumi yadda aka juya kuɗin fanshon ma'aikatan gundumar. Suka ce hukumar da jama'a suka zaɓa ba ta da hurumin kai ƙarar ɓata suna, don kada tsoron kotu ya sa talaka ya kama bakinsa. Kansilan da aka ambaci sunansa yana iya neman haƙƙinsa da kansa, amma ban da hukumar.

Hukuncin ya yi daidai. Aibinsa shi ne ya tsaya a ƙofar gwamnati, alhali ba gwamnati kaɗai ke da ƙarfin rufe bakin mutane ba.

Shekara guda bayan haka aka fara sauraren ƙarar da kamfanin McDonald's ya kai Helen Steel da David Morris, 'yan gwagwarmaya biyu masu ƙaramin ƙarfi, saboda wata takarda da aka raba a Landan tana sukar abincinsa da yadda yake biyan ma'aikata. An yi zama 313, mafi yawanci su biyun suna kare kansu ba lauya. A 1997 alƙali ya ci su tarar diyya fam 60,000, duk da ya yarda cewa wasu zarge-zargen gaskiya ne, ciki har da ƙarancin albashi. Sai a 2005 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ce hana su tallafin lauya ya tauye musu adalci.

Mutum idan aka yi masa ƙazafi, kunya ke kama shi a gaban surukai da maƙwabta. Kamfani kuwa ba ya jin kunya, ciniki yake rasawa, kuma ana iya lissafa wannan. Dokar Ingila ta 2013 ta fahimci haka, ta wajabta wa kamfani ya nuna babbar asarar kuɗi, ko yiwuwarta, kafin maganar ta zama ɓata suna. Sai dai mai lauyoyi da akantoci ba ya rasa takardar nuna asara. Ostareliya ta fi ƙarfin hali: dokokinta na 2005 sun hana kamfanin neman riba mai ma'aikata 10 ko fiye kai irin wannan ƙara.