Wa Ganawar Take Yi wa Aiki?

A manyan jami'o'in Amurka irin su Harvard, Yale da Princeton, idan ɗalibi ya miƙa takardun neman gurbi, akan haɗa shi da wani tsohon ɗalibin jami'ar su zanta na kusan awa guda, sa'an nan tsohon ɗalibin ya rubuta rahoto ya aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai. Ba a biyansa ko sisi. Hujjar jami'o'in ita ce, takarda ba ta nuna mutum. Na yarda da hujjar, amma ban yarda cewa ita ce ke riƙe da al'adar ba.

Tushenta ma ba mai tsabta ba ne. A shekarun 1920, da yawan ɗalibai Yahudawa ya ƙaru a Harvard, shugabanta A. Lawrence Lowell ya nemi a taƙaita su. Jerome Karabel ya nuna a littafinsa The Chosen na 2005 yadda aka mai da "hali" ma'auni, aka shigo da wasiƙun shaida da ganawa ido da ido, domin a sami hanyar mai da wanda jarrabawa ta kasa kayarwa.

Sai dai adalci ya wajabta in faɗi abin da ya bayyana a shari'ar da aka yi wa Harvard a Boston a 2018. Bayanan da aka gabatar sun nuna ma'aikatan ofis, waɗanda galibi takarda kawai suka karanta, sun ba 'yan asalin Asiya makin hali ƙasa da na farar fata, alhali tsofaffin ɗaliban da suka zauna da su sun ba su maki kusan daidai. Ashe wanda ya gani ya fi wanda ya ji. To, in haka ne, me ya sa maganarsa ba ta da nauyi? Ana karɓar rahotonsa a matsayin ɗan ƙarin bayani, hukunci kuwa na hannun wasu.

A ganina, wanda ake lallashi a wannan zama tsohon ɗalibin ne. Jami'ar da ke dogaro da gudummawar 'ya'yanta na dā tana bukatar su ji ana damawa da su. Mai neman gurbi shi ne ke kwana da fargaba, ita kuwa jami'a tana sabunta zumunci.

Kuma ba kowa ke samu ba. Ɗan Boston yana da tsofaffin ɗalibai a unguwarsu. Yarinyar da ta nema daga Katsina sai in an dace da mai lokaci. Ana cewa rashin ganawar ba ya cutarwa. In rashinta bai rage komai ba, da wuya a ce samunta ya ƙara wani abu. Columbia dai ta daina ganawar a 2023, kuma ba ta fasa cika azuzuwanta ba.