Baƙon da Alƙalaminmu Ya Manta: Ƙaramin Ɗan Kasuwar Kan Iyaka a Ƙagaggun Labaran Hausa

Duk wanda ya taɓa kwana a Maigatari daren Laraba ya san yadda garin ke cika tun kafin asubar Alhamis, ranar kasuwa. Raƙuma da shanu da tumaki na kwararowa daga Jamhuriyar Nijar, 'yan canji na lissafin sefa da naira, dillalai na kai-komo. A gefe kuma ga mai shayi, ga mai gyaran takalmi, ga ɗan tireda, waɗanda wasunsu da ɗan ƙullin jari suka tsallako iyaka suka kafa sana'a a ƙasar da ba tasu ba. Tambayarmu ita ce, ina wannan mutum yake a cikin ƙagaggun labaranmu?

Mun waiwayi littattafan da muka tashi da su. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, tauraron ya ratsa ƙasashe, amma da wayo da dabara yake ci, ba mu ga ya zauna ya kafa sana'a ba. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa an ƙetare Sahara, sai dai bauta ce ta ja tafiyar, ilimi kuma ya ƙarasa ta. Wanda ya fi kusantar batunmu shi ne Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, na 1982, da ya tone asirin fasa-ƙwauri da cin hanci. Littafi ne mai ƙarfin jigo, amma idonsa na kan babban attajiri. Daga baya aka shiga zamanin littattafan soyayya da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Abin mamaki, adabin da ke amsa sunan kasuwa bai cika shiga kasuwa ba. Sau da yawa tauraro ɗan Alhaji ne, dukiya ta riga ta taru, ba a gaya mana yadda aka tara ta ba.

Idan kuwa baƙon ya samu shiga, to a bakin ƙofa ake tsayar da shi. Shi ne Buzu maigadi, ko ɗan ga-ruwa, ana sa masa gurɓatacciyar Hausa a baki don mai karatu ya yi dariya. Wannan rauni ne ta fuskar gina taurari, domin an ba mu rawani da takobi, an hana mu mutumin da ke ciki. Kuma rauni ne ta fuskar sanin tarihi. Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tsohuwar fadarta tana Tumbi ne, garin da yau ke cikin Nijar, kafin a dawo Gumel a ƙarni na 19. Ashe wanda muke kira baƙo, wataƙila kakansa da namu sarki ɗaya suka yi wa mubaya'a kafin Ingilishi da Faransawa su ja layi.

Wani zai ce marubuci ba ɗan jarida ba ne, kuma mai karatu soyayya yake so. Mun yarda. Amma ƙashin bayan labari shi ne rikici, kuma rayuwar wannan baƙo cike take da shi. Bai san kowa ba, don haka dole ya nemi maigida, wato fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya tsaya masa, ya haɗa shi da dillali, a yi ciniki a fitar da la'ada. Jarinsa na gaskiya amana ce, domin kaya bashi ake ba shi a kan fuskar maigidan. Ranar da amanar ta karye, ba shi da dangin da za su rufa masa asiri. Wannan tsari ne Abner Cohen ya yi nazari a kai cikin littafinsa na 1969 game da Hausawan Sabo ta Ibadan, mu kuwa masu abin mun bar shi a kwance. Kuma wa ya ce babu soyayya a nan? Alal misali, me zai faru ranar da mai shayin ya nemi auren 'yar maigidansa?

Bugu da ƙari, hukuncin da ake yankewa a manyan birane a kan teburinsa yake sauka. An kori baƙi daga Nijeriya a 1983. An rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. An sake rufe iyaka a 2019, sannan a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS, wadda yarjejeniyarta ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba tare da biza ba. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru littafi ce guda ga mai ido. Kada kuma mu manta, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: a 1969 Gana ta kori baƙi, ciki har da Hausawan zango da suka shafe shekaru suna sana'a a can.

Don haka shawararmu ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa daga wannan yanki, ita ce su ajiye gidajen bene da motocin da ba su taɓa shiga ba, su je kara ranar Alhamis su zauna. Su saurari yadda ake taya da sallamawa, su san nawa ne jarin teburin shayi, su ji abin da baƙo ke tsoro idan ya hango mai kaki. Sa'annan su ba shi suna da uwa da garin da yake aika wa kuɗi, su bar shi ya yi kuskure kamar kowa, kada su mai da shi waliyyi ko abin dariya.

Hausawa sun ce baƙonka annabinka. Idan adabinmu ya kasa karɓar baƙon da ke dafa mana shayi kullum safiya, to da wane baki za mu ce shi madubin al'umma ne? Allah ya sa mu gyara.