Wuƙar Aljihu a Garuruwan Yuraniyom

Akwai wata wuƙa mai naɗewa da aka buga wa tambarin Agadas a jikin ƙota, wannan dai da maƙeran Azbin ke zubawa da azurfa ana ratayawa a wuya. Sunanta El Baraka. Mai ganinta zai rantse daga maƙerar Abzinawa ta fito, alhali a Thiers ake ƙera ta, wani garin maƙeran wuƙa a tsakiyar Faransa. Kamfanin Cognet ne ya fito da yayarta, Douk-Douk, a 1929, don kasuwar tsibiran Melaneshiya, har ya zana mata hoton wani dodon al'adarsu. A can ba ta yi kasuwa ba. A Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka ta samu shiga, kuma da yake Musulmi ba ya son yawo da surar halitta a aljihu, balle ya shiga masallaci da ita, sai aka yi wata mai farar ƙota, aka cire dodon, aka sa tambarin Agadas.

Garuruwan yuraniyom wuri ne mai kyau na bin sawun irin waɗannan wuƙaƙe, domin aiki ne ya tara mutanensu. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971. COMINAK ta biyo baya a Akokan, ta fara aiki a 1978. SONICHAR kuwa, wadda aka kafa a 1975, ita ke haƙo gawayin ƙasa a Anu Araren kusa da Cirozerin, tana ƙona shi tana ba ma'adinan da birnin Agadas wuta. Hausawa sun hauro daga Tawa da Maraɗi da Damagaram, Abzinawan da farin 1973 da 1974 ya karkashe wa dabbobi sun shigo neman aiki, ga Faransawa injiniyoyi, ga fatake ta hanyar Tamanrasset da Assamaka. A wancan zamani da wuya namiji ya fita ba 'yar wuƙa a aljihu: da ita zai yanki igiya, ya fere wayar lantarki, ya gyara asuwaki, ya cire ƙaya, ya raba gasasshen nama. Malami ma da ita yake fiƙe alƙalami.

Douk-Douk da El Baraka ƙirarsu ɗaya, kuma ta cancanci a duba ta da kyau. Guda shida ne kacal suka haɗu suka zama wuƙa: ruwan wuƙar, ƙota ta falle ɗaya na ƙarfe da aka ninke biyu, sifirin a gadon baya, ƙusa biyu, da 'yar maratayar da ake zura wa igiya. Babu itace, babu ƙaho, babu makulli. Ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe ruwan, shi ya sa take buɗewa da ƙyar, ta rufe da ƙara, kuma wanda bai saba ba yakan bar mata fatar yatsa. Siririya ce har mutum ya manta tana aljihunsa. Wannan sauƙin ƙira ya taɓa jawo mata baƙin jini: a yaƙin ƙwatar 'yancin Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962, an gano cewa in aka daddage bakin ƙotar da guduma wuƙar ba ta sake naɗewa, ta zama makami, har hukumar Faransa ta hana shigar da ita can.

Opinel kuwa 'yar itace ce. Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a tsaunukan Savoie, an jera ta lamba-lamba tun 1897, kuma lamba 8 ce aka fi gani. Alamarta hannu ne da kambi a bisansa. Tana da daɗin sha'ani ga mai son sanin shekaru: zoben da ake murɗawa ya kulle ruwan an ƙaro shi a 1955, don haka babbar Opinel marar irin wannan zobe mai yiwuwa ta girmi Arlit kanta, wadda zobenta ke kulle ta ko tana naɗe kuwa ba ta riga shekarar 2000 ba. Okapi, mai zoben da ake ja kafin ta naɗe, an fara ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwar Afirka, aikinta ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Sunan ƙasar da ke gindin ruwanta ya isa shaida.

A nan ne nake rabuwa da masu tara wuƙaƙe na Turai. Abin da suka fi daraja shi ne wuƙar da ba ta taɓa yanka komai ba, tana cikin kwalinta, zanen ruwanta bai goge ba. In da wannan ma'auni za a bi, babu abin tarawa tsakanin Cirozerin da Arlit, domin ba wanda ya sayi wuƙa a nan don ya ajiye ta a kabad. Kuma irin waccan sabuwar ba ta da wani labari. Kamfanin Cognet na nan yana buga ta har gobe, ƙirar ba ta sauya ba. Wadda ba za a sake samun irinta ba ita ce wadda wani lebura ya riƙe shekara da shekaru: ruwanta ya rame ya koma rabin faɗinsa saboda wasawa, tambarin Agadas ya dushe daidai inda babban yatsa ke zama, an ɗaura mata tsirkiyar fata a marataya, wani lokaci an karce sunan mai ita da ƙusa, da boko ko da ajami ko da haruffan Tifinag. Irin wannan wuƙa tana gaya maka ko mai ita bahago ne, daga gefen da bakinta ya fi cinyewa. A ganina ita ce kayan tarihi, waccan ta cikin kwali kuwa kayan kanti ce.

Saboda haka babban abokin gabar tsohuwar wuƙa a ƙasar Azbin ba tsatsa ba ne, tunda ruwan sama kaɗan ne, iska busasshiya. Injin wasa ne. Saurayi ya gaji wuƙar mahaifinsa, ya ga ta yi baƙi, ya kai wa mai walda ya ce a fito masa da haskenta. Cikin minti biyu dutsen inji zai cinye rubutun kamfani, ya cinye sunan da aka karce, ya zafafa bakin har ya yi shuɗi, taurin ƙarfen ya tafi, wuƙa ta daina riƙe kaifi har abada. Garin neman gira an rasa ido. Baƙin nan da ake ƙi ba datti ba ne: baƙin ƙarfe ne ya sha ruwan nama da albasa da lemun tsami, ya yi wa kansa riga mai rage masa tsatsa. Jar tsatsa mai cin rami ita ake yaƙa, kuma tsumma da ɗigon mai sun ishe ta in ba ta yi nisa ba. Wasawa a yi ta da hannu, a kan dutse mai laushi da ruwa, a ƙarasa a jikin fata.

Sai ƙura. Mutane na zuba mai a gaɓar wuƙa da yawa, a zatonsu gata ne, sai ƙurar hunturu ta haɗu da man ta zama dagwalo mai goge ƙusa a duk buɗewa, har ruwan ya fara lilo. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, a goge sauran. Man gyaɗa yakan yi danƙo in ya daɗe, baƙin mai na mota kuwa bai dace da abin da ke taɓa abinci ba. Wuƙar da ta shiga aikin layya a wanke ta nan take a busar, domin jini ba ya yi wa ƙarfe sauƙi. Opinel tata matsalar daban ce: a ƙasa mai laima itacenta kumbura yake ya riƙe ruwan, a nan kuwa bushewa yake ya saki, wani lokaci ya tsage. Kada a bar ta a gaban gilashin mota da rana. Kuma duk kyan jakar fatar da dukawa ko matan maƙera suka ɗinka, ta yawo ce, ba ta ajiya ba. Fatar da aka jeme tana ɓata ƙarfe in sun daɗe tare.

Akwai wani abu da mai tara wuƙa a Arlit ya kamata ya sani wanda na Kano ko Zariya ba ruwansa da shi. Maƙeran Abzinawa, waɗanda ake kira inadan, sun daɗe da sanin darajar ƙarfen waje. Tsofaffin takubbansu da yawa ruwan Solingen ne, su suka yi musu ƙota da kube, daga baya suka koma kan sifirin ɗin mota da sauran tarkace. To, a ƙarshen 2003 masu binciken ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa sun tarar da tarkacen ƙarfe mai gubar yuraniyom a kasuwar Arlit, Greenpeace ma ta sake gano irinsa a 2009, kuma ƙungiyar Aghirin'man ta 'yan garin ta daɗe tana kuka a kai. Wuƙar kamfani ba ta cikin wannan zargi. Amma wadda aka sauya wa ruwa ko ƙota a gari, ya kamata a tambayi asalin ƙarfenta kafin a yanka nama da ita. Ido ba ya gane wannan guba, wanki ma ba abin dogaro ba ne, sai na'urar awo.

An rufe COMINAK a ƙarshen Maris 2021, ma'aikatanta da yawa sun watse, waɗanda suka buɗe ramukan farko kuma sun tsufa. Wanda ke da irin wannan wuƙa a gida, ya je ya zauna gaban mai ita tun yana raye, ya ce, "Baba, a ina ka saye ta, wace shekara, kana wane aiki?" Ya rubuta amsar a takarda, ya naɗe wuƙar a busasshen ƙyalle, ya ajiye su wuri ɗaya. Kada ya kai ta wurin mai walda.