Ku Bar Dagi Ya Huta Haka Nan

Wallahi na gaji da ganin dagin Arewa a kan duk abin da aka buga. Kalanda dagi, katin ɗaurin aure dagi, rigar 'yan ƙwallo dagi. Daga nan Galadi har Shinkafi, Zurmi da Ƙaura Namoda labarin ɗaya ne: a ciro dagi daga intanet, a manna shi a tsakiya, a zuba masa ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa da ruwan zinare, a ce an yi zanen gargajiya. Haba 'yan'uwa masu zane, shi ke nan abin da muka gada?

Ina aska biyu da aska takwas na babbar riga? Ina tambari? Ina alwatika da da'irar da iyayenmu mata ke jerawa a faifai, ko layukan da ake ƙonawa a bayan ƙwarya? Babu mutum ko tsuntsu a cikinsu, siffa ce zalla da launi biyu ko uku, amma ido ba ya gajiya da su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ƙasarmu an daɗe da koyar da wannan darasi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu a ɗauki fasahar gida a sarrafa ta da dabarun zamani. Sarrafawa fa, ba kwafa ba. Onobrakpeya ya shahara da bugu: a sassaƙa zane a katako ko roba, a shafa tawada, a danna takarda. A irin wannan aiki galibi kowane launi da allonsa da wahalarsa, don haka sai ka yi tunani kafin ka ƙara na uku. A batun launi kuma, Josef Albers, mai zane Bajamushe da ya koma Amurka, tun daga 1950 ya duƙufa kan murabba'i cikin murabba'i har ƙarshen rayuwarsa, don kawai ya nuna yadda launi ke sauyawa gwargwadon maƙwabcinsa. Mu kuwa kwamfuta ta ba mu launuka kyauta, sai muke zubawa kamar mai miyar da ta juye duk kayan ƙanshin gidan a tukunya ɗaya.

Na sani, mai biya shi ke cewa a ƙara kala, mai madaba'a kuma abinci yake nema. Kuma ban musa ba, na ga wasu yara suna buga riguna da shuni da fari kawai, abin gwanin sha'awa. Amma ko a nan, da ka juya bayan rigar, ga dagin nan dai an manna.