Bayan Tiyatar Muƙamuƙi, a Tambayi Mai Muƙamuƙin

Wanda haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa ya san wahalar gatsa nama, ya san nauyin yin dariya a cikin jama'a. Saboda irinsa ake tiyatar gyaran muƙamuƙi: a yanka ƙashin, a matsar da shi gaba ko baya, a ɗaure da ƙananan faranta na ƙarfe. Salon tsaga muƙamuƙin ƙasa da Hugo Obwegeser da malaminsa Richard Trauner suka bayyana a 1957 har gobe shi ake bi.

Abin da ya sauya shi ne shiri. A da sai a ɗauki hoton ƙashin kai daga gefe, a zuba siffar haƙora da filasta, likita ya yanka ta da hannu ya gwada aikin kafin ranar tiyata. Yanzu kwamfuta ke zana ƙoƙon kan gaba ɗaya, a juya shi ta kowace fuska, na'ura ta fitar da ma'aunin da za a sa wa mutum a baki. Ga wanda fuskarsa ta karkace, wannan ci gaba ne na gaske, domin hoton gefe ba ya nuna karkata yadda ya kamata.

Damuwata ita ce yadda ake auna nasara. Magana ta koma kan milimita: ƙashi ya sauka inda aka zana ko bai sauka ba. To, mai muƙamuƙin fa? Tun 2000 Susan Cunningham da abokan aikinta a Landan suka tsara tambayoyi 22 kan tauna, kamannin fuska da shiga mutane. Wani gwaji da aka yi a Suwidin, aka wallafa a 2018, ya kwatanta shiri da hoton gefe da shiri da cikakkiyar siffar kai. Rayuwar majinyatan ɓangarorin biyu ta inganta, ba a kuwa ga wani bambancin kirki tsakaninsu ba.

Ban yi mamaki ba. Watannin da ake yi da wayar haƙori kafin aiki, kumburi, makonnin kunu da romo, da mutuwar leɓen ƙasa idan jijiya ta taɓu, wadda wani lokaci ba ta warwarewa duka, babu wanda kwamfuta ta ɗauke. Ina so likitoci su juya allon kwamfutar ya fuskanci majinyaci, su nuna masa haɓarsa, su ji abin da yake fata, su gaya masa batun leɓen tun kafin ya sa hannu. Bayan shekara guda kuma a kira shi a yi masa tambayoyin nan 22.